Firam ɗin ƙarfe ko na alminiyom ga hotunan Birni, don Allah a ba ni shawara

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar hoto da masu aikin alminiyom na nan Damagaram. Ni ina ɗaukar hoto amma ba na situdiyo ba, sha'awa ce kawai, kuma abin da na fi ɗauka shi ne tsoffin gidajen Birni da na Zango masu zanen nan a fuska, da ƙofar fadar mai martaba, da duwatsun Birni in rana ta yi sanyi, sai dawakin hawan sallah. Abin da ya sa na dage ma gidajen kuwa, duk damina sai ka ji wani ya zube ko ka tarar an shafe zanen da siminti, to ko ba komai a ce hoton ya rage ma na baya.

Yanzu na zaɓi waɗanda suka fi kyau an wanke mini su 30 x 40, wasu baƙi da fari wasu masu kala, ina so in rataya wasu a salo wasu kuma in ba da kyauta. Matsalar ita ce firam. Na zaga Kasuwar Dole abin da na fi gani shi ne irin na hoton biki mai ruwan zinariya da fulawa, yana da kyau a wurinshi amma in ka sa hoton gidan ƙasa a ciki firam ɗin ne ido zai tsaya a kai ba hoton ba. Na katako kuma na taɓa sawa an yi mini, gara ta shige shi ta baya kuma kusurwoyin suka buɗe. To na ga hotunan baje kolin da ake yi a Bamako a intanet, sai na ga siririn baƙin firam ne na ƙarfe da farin fili zagaye da hoton, wlh irin shi nake so.

Tambayata, in kai ma mai walda ya yi mini da ƙarfe ne ko in kai ma masu tagogin alminiyom? Wane gilashi ake sawa? Sannan akwai wani tsohon hoton kakanmu Allah ya jiƙan shi, baƙi da fari, kwafi ɗaya ne tak a duk dangi, shi ma ina so in sa shi a irin wannan firam ɗin. Na gode.

Mai Alminiyom Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan aikinmu ne, bari in faɗa maka gaskiya ko da wasu za su ce ina yabon kayana ne. Ka bar maganar mai walda. Ba wai ba su iya ba, akwai ƙwararru sosai a garin nan, amma ƙarfe ya ninka alminiyom nauyi kusan sau uku, kuma yana tsatsa, in damina ta zo bango ya ɗauki sanyi to daga baya tsatsar za ta fara inda ba ka gani, ta sauka a kan kwalin ta bar jan tabo wanda ba ya fita. Sannan wurin waldar ko an goge da injin sai ka ga kumburi a kusurwa, shi kuwa siririn firam duk kyaunshi a kusurwa yake. Alminiyom ba ya irin wannan tsatsar, gara ba ruwanta da shi, ba ya kumbura da damina ya tsuke da rani kamar katako, wanda shi ne ya buɗe maka kusurwoyin wancan.

Amma ka kula da abin da za ka ce a yi maka. In ka je ataliye ka ce firam kawai, yaro zai ɗauko irin na taga mai faɗi ya yanka maka, ka koma gida da ƙaramar taga da hoto a ciki. Ka ce siriri kake so, wanda faɗin fuskarshi bai wuce santimeta 1 ba ko ɗaya da rabi, mai rami a ciki da kaya za su zauna, ramin kuma ya kai santimeta 1 don ba gilashi kaɗai zai shiga ba. Irin na asali da ka gani a hotunan can guda huɗu ne ake yankawa kan digiri 45, a haɗa kusurwa da wani ɗan ƙarfe mai siffar L da bis biyu, da turnabis kawai kake ɗaurewa ka kwance, sannan a baya akwai 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da ake cusawa su danne kayan su matse gaba. Wannan ba kullum ake samun shi a nan ba, ni in na buƙata masu zuwa Kano nake ba saƙo. In ba a samu ba muna iya haɗa maka da siririn da muke da shi, amma ka tsaya a kai cewa gefe ɗaya dole ya zama na bis wanda ake buɗewa, kar a buga maka ribet a duka huɗun, ranar da gilashi ya fashe sai an lalata firam ɗin kafin a ciro hoton.

Kala kuma ka nemi wanda ya zo da baƙinshi daga kamfani, kar a fesa maka fenti a kan fari, fenti ba ya kama alminiyom da kyau in ba a yi mishi shiri ba, farce ma yana kankare shi.

Gilashi milimeta 2 ake sawa, in babu to 3. Kar ka yarda da na taga mai milimeta 5. Lissafin mai sauƙi ne, kowane milimeta ɗaya na kauri kilo biyu da rabi ne a murabba'in mita, to firam 40 x 50 da mai 2 kilo ɗaya ne, da mai 5 kuwa kilo biyu da rabi, nauyin banza a kan ƙusa, ga shi mai kaurin yana ba hoto wani kore-kore. Kuma a yanka gilashin ya gaza cikin firam da kamar milimeta 2 ko 3, kar a matse shi, zafin watan Afirilu da Mayu na garin nan da ke wuce digiri 40 komai yana motsi, in ba shi da wurin motsawa sai ka ji ƙas.

Kafin ka biya ka ɗauki mita ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren, in ba su zo daidai ba firam ɗin a karkace yake, ka ce a gyara.

Maman Biyu:

Salam. Ni ban san komai a kan ƙarfe ba amma maganar hoton kakanku ce ta sa na kasa wucewa. Don Allah ɗan uwa kar ka bari hoton nan ya taɓa gilashi. Hoton auren iyayenmu haka aka yi mishi, wani mai shago ya kwantar da shi kai tsaye a kan gilashi ya rufe, shekaru yana rataye a ɗakin Inna lafiya lau a ido, ranar da muka zo canza firam sai muka tarar ya manne, da aka ɗan ja sai fuskar Baba ta zauna a jikin gilashin takardar ta fito fara a wurin. Inna har kuka ta yi, kuma babu wani kwafin. Ban san me ya jawo ba ko zafi ne ko sanyin damina, masana su faɗa mana, amma ni dai tun daga nan ko hoton yara ba na yarda a manna da gilashi.

Sannan ka lura da turaren wuta, mu mata mun san shi, ɗakin da ake yawan sa kasko za ka ga gilashin hoto ya yi wani danƙo-danƙo, in yana da kafa har ciki hayaƙin yake shiga.

Tsohon Mai Hoto:

Assalamu alaikum. Yaro Allah ya yi maka albarka da wannan aikin na gidajen Birni, ka ci gaba, ka kuma riƙa rubuta sunan unguwa da shekarar da ka ɗauka, da fensir a bayan kwali ba da bik a bayan hoton ba. Garin nan shi ne babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar Yamai, amma je ka nemi hotunan gidajenshi a hannun mutanen gari ka ga ko nawa za ka samu. Abin da kake yi yana da amfani.

Malam mai alminiyom ya faɗi gaskiya a kan ƙarfen, ban da abin ƙarawa. Amma ni da na yi zamanin wanke hoto da hannu a ɗakin duhu ina gaya maka firam ɗin ba shi ne ke kashe hoto ba kuma ba shi ne ke raya shi ba, abin da ke tsakanin gilashi da baya shi ne maganar. Abin da ya samu hoton iyayen Hajiya ga dalilinshi: fuskar hoto irin na da tana da wani shafi na jelatin, a cikinshi hoton yake zaune, in ya sha laima sai ya yi laushi ya yi danƙo, in ya bushe a jikin gilashi ya kama ke nan. Mu nan muna ganin ƙasarmu busasshiya ce sai mu manta da watan Yuli da Agusta, wata biyun nan sun isa. Hajiya in har yanzu gilashin yana nan da fuskar a jikinshi kar ku wanke kar ku jefar, a ɗauki hoton gilashin da na takardar, masu gyaran hoto a kwamfuta suna iya haɗa su.

Farin filin nan da ka gani zagaye da hotunan Bamako ba ado ne kaɗai ba, kwali ne mai kauri da ake yanke ma taga a tsakiya, paspartu ake ce mishi, aikinshi ya ɗaga gilashi daga fuskar hoton ko da milimeta ɗaya da rabi ne iska ta samu wuri. Tunda hotunanka 30 x 40 ne to firam 40 x 50 za ka yi, ka samu santimeta 5 kowane gefe, tagar kuma a yanka ta 29 x 39 don kwalin ya hau bakin hoton da rabin santimeta ya riƙe shi. Ni na fi son in ɗan ɗaga tagar sama ƙasan ya fi faɗi kaɗan, ido ya fi natsuwa da haka, amma wannan ra'ayi ne. Kwalin shi ne mai wuyar samu. Kar ka sa kwalin katon ɗin taliya ko na sabulu ya taɓa hoton, wannan mai ruwan ƙasan yana da asid, da shekaru zai sa takarda ta yi rawaya ta yi ƙamas. Ka nemi farin kwali na masu zane wanda aka rubuta ba shi da asid, a masu sayar da kayan lekol da na biro ko ka yi saƙon shi. In ka rasa mai kauri, haɗa farar takardar zane mai nauyi biyu ko uku ya fi maka katon. Ɗaya a gaba mai taga, ɗaya a baya da hoton zai kwanta a kai, sannan ne abu mai tauri zai biyo daga can baya.

Manna hoton kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ba gam ɗin masu gyaran takalmi, ba sikoc a kusurwa huɗu. Sikoc da zafin nan namu narkewa yake ya bar tabo mai maiƙo, kuma takarda tana buɗewa tana tsukewa da yanayi, in ka ɗaure ta ta ko'ina sai ta yi tudu a tsakiya. Ka naɗe farar takarda ka yi 'yan aljihu huɗu masu kusurwa uku irin na albam ɗin da, ka manna aljihun a kwalin baya, ka zura kusurwoyin hoton a ciki, gam bai taɓa hoton ba ko kaɗan, paspartu kuma ya rufe su ba mai gani.

To sai abin da firam ɗin alminiyom ya gaza a kai, kuma gara a faɗa maka tun yanzu: bayanshi a buɗe yake. Na katako ana liƙe bayanshi da takarda a rufe ruf, shi wannan babu wurin liƙewa. A Turai ba damuwa ba ce sosai, amma mu da hunturu ke kawo mana ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo daga Nuwamba har Fabarairu, wadda ko cikin akwati a rufe tana shiga, shekara ɗaya za ka ga ta taru a ƙasan gilashin daga ciki, ga ƙananan ƙwari masu cin takarda su ma ta nan suke bi. Maganin shi ne kafin ka sa kayan a firam, ka jera su a tebur, gilashi da paspartu da hoto da baya, ka matse su ka zagaye bakinsu gaba ɗaya da tef, ya hau kan gilashin da milimeta 2 ko 3 kawai yadda leɓen firam zai ɓoye shi, ya naɗo ta baya. Tef ɗin alminiyom irin na masu gyaran firij da kilim yana yi, don ƙura ba ta ratsa shi laima ma ba ta ratsa shi, kuma ba hoton yake taɓawa ba, gilashi da baya kawai. Sai ka zura duka a firam kamar abu ɗaya. Amma kar ka yi wannan rufin a tsakiyar damina, laimar za ka kulle a ciki. Ka yi shi da rani, a ɗaki a rufe, fanka a kashe, ka goge gilashin ciki da waje ka bari ya bushe sarai.

Hoton kakanku kuwa shawarata kar ka rataya shi sam. Ka kai a yi mishi sikan mai kyau, a wanke sabo, shi za ka sa a firam, har ka wanke ma sauran dangi kowa ya samu. Na asalin ka sa shi tsakanin farar takarda biyu a ambulan a ajiye a akwati inda ba rana ba laima. Kuma duk wanda ya ce maka a kai a liƙe shi da leda a injin zafi don ya daɗe, ka ce a'a, wannan in an yi ba a kwancewa har abada.

Abba Zango:

slm, gsky ni dai ban yarda a ce katako bai yi ba, hoton gidan kasa da zanen gargajiya ai katako ya fi dacewa da shi, karfe sai ka ga kamar a biro ko asibiti. matsalar ita ce danyen katako ake muku aiki da shi shi ya sa yake budewa, in aka samu busasshe aka shafa mishi maganin gara yana shekaru, kuma kafintocinmu su ma su samu na cefane. sannan me ya sa ba wanda ya yi maganar pileksi, robar nan mai kama da gilashi, ai ya fi gilashi sauki ba ya fashewa

Ɗan Birni:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba mai hoto Allah ya ƙara girma da lafiya, maganar hoton kaka na ɗauka, sikan za a yi in sha Allah, Hajiya ke ma na gode Allah ya jiƙan mahaifinku. Abba maganarka tana kan hanya, masu kalar na dawakin sallah zan iya gwada katako a kansu in na samu busasshe, amma baƙi da farin raina ya riga ya kwanta a kan siririn baƙin nan.

Saura abu biyu. Maganar pileksi da Abba ya kawo yaya take, don waɗanda zan ba da kyauta ɗaya Yamai za shi a mota ina tsoron fashewa. Na biyu gidanmu ginin ƙasa ne an shafe da siminti daga ciki, ƙusa ba ta cika zama ba, kuma bangon da nake so yana kallon taga ta yamma.

Mai Alminiyom Sabon Gari:

Pileksi nauyinshi kusan rabin na gilashi ne kuma ba ya tarwatsewa, don haka na tafiya Yamai ka sa mishi shi, hanyar nan kusan kilomita 900 ce ba wasa ba. Amma na gida ni ba na ba da shawararshi a garin nan, yana jan ƙura da kanshi in ka goge shi da busasshen tsumma, ƙurar kuma tana da yashi sai ta karce shi, bayan hunturu biyu ya yi dishi-dishi. In ka sa shi to da tsumma mai laushi mai ɗan danshi ake gogewa, kuma a bar mishi sarari a firam fiye da na gilashi don ya fi buɗewa da zafi. Shi gilashi ma in za a goge a fesa ruwan a tsumma ba a jikinshi ba, ruwan yana gangarawa ya shige ƙasan firam ya jiƙa kwali, wannan a gaya ma yaran gida masu shara.

Bango kuma kar ka buga ƙusa ɗaya a tsakiya, simintin shafe ne kawai zai ɓare ya bar rami. A huda da injin a sa robar nan ta bango doguwa da dogon bis wanda zai wuce shafen ya shiga ƙasar sosai, guda biyu a jere a ɗan karkata su sama, nauyin ya rabu kuma firam ba zai riƙa karkacewa ba. In hotunan da yawa ne a bango ɗaya, a kafa doguwar sanda ta alminiyom ko katako a sama a ɗaure ta da kyau sau ɗaya, duk hotunan su sauko daga jikinta da siririyar waya, ka huta da huda bango. A kusurwoyin ƙasa ta baya ka manna 'yar roba mai kaurin rabin santimeta, ko guntun silifas ka yanka, don firam ya ɗan tashi daga bango iska ta riƙa bi ta baya da damina.

Bangon da ke kallon tagar yamma kuwa ka canza shi in da hali. Ranar la'asar za ta riƙa dukan hotunan kai tsaye, masu kala su za su fara koɗewa, gilashi na yau da kullum ba ya tare wannan, ga ƙyalli da zai hana a ga hoton ma. Bangon da tagar take jikinshi ko na gefe ya fi. Ka auno kaurin kayan duka bayan ka haɗa su da tef ɗin da Baba ya ce, ka zo da awon ko ka zo da guda ɗaya a hannu, da shi za a zaɓi zurfin ramin kafin a yanka komai.